Takardar Da Na Ƙi Karantawa A Layi

Zuwa ga Mma Sanatu, mai filin shawara a jarida.

Mma, ki taimake ni, kuma don Allah kada wasiƙata ta daɗe a ƙarƙashin sauran, domin zuwa tsayuwar wata aka ba ni in kawo amsa a gida. Ba kuka na zo yi miki ba. Nasara na yi, babba kuwa, ita ce ta jefa ni a wannan tsaka mai wuya. Sunayen da za ki gani duk na aro ne.

Ni akawu ce a wani kamfanin sayen gyaɗa da ƙwarar kaɗanya a nan Tamale, kuma ni ce mace ta farko da ta zauna a kujerar. Na kama aiki shekarar da aka sauke tutar Bature, wato bara waccan, bayan tsohon akawun ya koma garinsu a kudu. Na gama makarantar midil, ina buga tafireta da yatsu goma, shi kuwa shekara goma sha takwas ya yi yana tsattsagar ta da yatsa biyu. Na faɗa ne don ki san ba alfarma aka yi mini ba.

Ga yadda muke yi. Kullum ƙarfe bakwai na safe helimanmu, wato shugaban leburori, Tahidu, zai buga tsohon wilin mota da ke rataye a jikin dogonyaro, leburori su yi layi, maza masu ɗaukar buhu a gaba, mata masu tsintar ƙwara a baya. Akawu ya kira suna, kowa ya amsa. Daga nan sai a zo kan takardun asibiti. Duk wanda ya je ganin likita zai miƙa takardarsa a nan gaban jama'a, akawu ya karanta da Turanci, ya juya da Hausa, ya sake juyawa da Dagbanci don kada wani ya tafi bai ji ba, layi ya amsa da Allah ya sawwaƙe. An ce tsohon akawun in ya sami takardar mai basur har murya yake sauyawa, a yi ta dariya har azahar. Ni ban taɓa yin haka ba, amma ba zan wanke kaina ba. Shekara guda cur na yi ina tona cikin mutane a ƙarƙashin bishiya. Na karanta gudawa, na karanta ƙurji a wurin da ba a faɗa, na karanta ɓarin cikin wata baiwar Allah wadda ko uwar mijinta ba ta riga ta ji ba. Ban ga aibin abin ba, tunda ba wanda ya gani.

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, yawancinsu ba su iya karatu ba, likita ba ya jin yarenmu, tafintansa kuma kullum sauri yake. Saboda haka a bakina mutum yake fara jin sunan ciwonsa, shi da mutum sittin lokaci ɗaya.

Wata Talata a farkon damina Lamisi ta miƙo tata. Lamisi mai tsintar ƙwara ce daga unguwar Changli, mijinta ya rasu, ita kaɗai ke riƙe da 'ya'yanta. Mace ce mai barkwanci, Akawuna take ce mini. Tana dariya ta ba ni, wai in yi maza in karanta ta ji ko likita ya yabi kyanta. Allah ya sa ranar na fara bi da ido kafin in buɗe baki. Mma, sai na sake bi tun daga sama. Ba zan rubuta miki abin da na gani ba. Iyakar abin da zan ce, ciwo ne mai magani, kuma likita ya rubuta da hannunsa cewa ta fara shan maganin, za ta iya aiki bayan kwana huɗu, babu haɗari ga masu zama da ita. Amma suna ne wanda in ya fita a garin nan ba ya komawa.

Na ce likita ya ba Lamisi hutun kwana huɗu, na naɗe takarda. Helima ya ce in ƙarasa. Na ce na ƙarasa. Ya ce shi bai iya karatu ba amma ya san tsawon rubutu, ba likitan da zai cika shafi guda don ya ce kwana huɗu. A nan kam ya kama ni. Na tura takardar cikin rigata na koma ofis, ina jin sa yana gaya wa layi wai abin da ake gudu ke nan in an ba yarinya kujera.

Da aka watse na ja Lamisi bayan sito na karanta mata ita kaɗai. Ta zauna a kan buhu, sannan ta tambaye ni abu biyu, ko za ta mutu, ko kuma za a kore ta. Na farkon na amsa daga takarda. Na biyun na ce a'a, alhali ba ni da ikon cewa haka.

Ina ganin na yi gwaninta, ashe ɓarna na yi. Takardar kowa ana karantawa, tata kaɗai aka rufe, me kike zaton mutane za su ɗauka? Kowa ya raɗa wa ciwon sunan da ya ga dama. Ranar da ta dawo ta tarar matan sun ajiye mata gwangwanin madara a gefen randa, sun ɗaura masa jan ƙyalle, moɗar kowa kuma an hana ta taɓawa. Da rana in an zauna cin tuwon zafi a kwano ɗaya, nata daban ake zuba mata. Matar da ke sa mu dariya ta koma cin abinci tana kallon bango. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma haushin kaina na fi ji. Sai helima ya je wa manaja da cewa leburori sun ce ba za su yi aiki da ita ba sai an karanta takarda. Manaja ya ce to, ranar Litinin ko a karanta, ko Lamisi ta zauna a gida.

Manajanmu, Malam Wumpini, ɗan ƙasa ne, shi ya gaji Bature. Mutumin kirki ne, amma ba ya son hayaniya. Ranar Asabar ina kwashe tsoffin fayil a kabad, ba don komai ba sai don hannuna ya sami abin yi, na ci karo da wani ambulan mai jan danƙo a baki, an rubuta asiri a goshinsa. Takardar likita ce ta Baturen da ya tafi, tun wani ciwo da ya yi shekarun baya. Ban buɗe ba. Na ɗauke shi na shiga ofishin manaja ba tare da an kira ni ba, na ajiye a kan teburinsa, na ajiye ta Lamisi a naɗe kusa da shi. Na ce ga takardu biyu daga asibiti ɗaya. Mai wannan ya koma ƙasarsu, har yau ba wanda ya ɓalle danƙonsa. Mai wannan tana nan da 'ya'yanta da maƙwabtanta, ita za a karanta da yare uku. Na ce ranar samun mulkin kai ni ma na yi rawa har takalmina ya tsinke, amma in ambulan na manya ne kaɗai, to tuta kawai aka sauya. Na kuma tambaye shi ko tasa takardar ana karantawa a layi. Wallahi, Mma, ban san ina da wannan bakin ba.

Ya yi ta jujjuya ambulan ɗin. Can ya tambaye ni, to shi manaja me zai sani ke nan a kan ma'aikatansa. Na ce kwana nawa, da ko mutum zai iya aiki, da ko akwai haɗari ga wasu. Na buɗe takardar Lamisi, na danne saman da tafin hannuna, na bar masa layukan ƙasa da hatimin likita. Ya karanta, ya dube ni, ya tambaya ko har shi ma ba za a ɗaga masa hannun ba. Na ce har shi. Sai ya fashe da dariya. Ni kuwa na riga na gama shirin kwashe kayana.

Ranar Litinin da kansa ya fito layi. Ya ce daga yau ba takardar da za a sake karantawa a fili, ta lebura ko ta manaja. Akawu za ta karanta wa mai ita shi kaɗai a ofis, a layi kwanaki kawai za a faɗa. Ya ce ya ga hatimin likita a kan cewa Lamisi ba haɗari ba ce ga kowa, wanda ba zai iya aiki da ita ba ƙofa a buɗe take. Ba wanda ya motsa. Aka sayo akwatin ƙarfe da kwaɗo, aka ba ni mabuɗi, na zura masa igiya na rataya a wuya.

Helima ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Yana ta yawo da maganar wai na kashe zumunci, yanzu mutum zai kwanta ba wanda ya san abin da za a kai masa in an je dubiya, malalata kuma sun sami gari. Gwangwanin nan kuwa yana nan a gefen randa, don doka ba ta kai can ba.

Sai wata ranar Lahadi bayan la'asar na ji sallama a gidanmu a Sabonjida. Helima ne a kan kekensa. Ya gaida Babana, ya gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi lafiyar awaki, sai da gaisuwa ta ƙare ƙaf sannan ya ce yana da magana da akawu. Ya cire hularsa, ya zaro takarda daga ciki. Na karanta masa a zaure, murya ƙasa-ƙasa. Wannan ba tonon asiri nake yi ba, don shi da kansa ya ba da labarin. Bayan mako biyu, da ya tabbata ba abin da ya fita, ya tsaya a gaban layi ya ce shi ne ya fi kowa zagin dokar nan, kuma shi ne ya fi kowa cin moriyarta, ya kai wa yarinyar nan takardarsa ko bango bai ji ba. Daga nan ya taka har bakin randa, ya ɗauki gwangwanin Lamisi, ya ɗebi ruwa ya shanye a gaban kowa, ya kwance jan ƙyallen ya sa a aljihu. Ranar da rana hannun Lamisi ya koma cikin kwano, har ta tsokani na kusa da ita wai tana cinye mata nama. Na shiga ofis na rufe ƙofa na yi kukan daɗi. Yanzu har daga wasu wuraren aiki ana aiko tambaya yadda muke yi da akwatinmu.

To ga inda kaina ya ɗaure. Babana da na ambata, Baba Mahamudu, yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida. Shi ya kai ni makaranta lokacin da duk dangi suka ce ɓata yarinya zai yi. Ɗansa Abdul-Mumuni, tela ne a unguwar Tishigu, yana son Mariyatu, babbar 'yar Lamisi, ita ma tana sonsa. Ana shirin kai goro sai maganar takarda ta iso kunnen Baba. Ya kira ni ɗakinsa ya ce ba a haɗa zuri'a sai an yi bincike, haka aka yi wa uwata, haka za a yi wa wanda zai aure ni. Ya ce wasu sai sun bi unguwa suna tambaya, shi kuwa Allah ya sa amsar tana rataye a wuyan 'yarsa. Ya ce ba zai gaya wa kowa ba, kuma na san ba zai faɗa ba. In ban yi magana ba kafin wata ya tsaya, zai ɗauka abin ya kai a fasa.

In na faɗa, na ci amanar matar da ta miƙo mini takarda tana dariya, kuma ban san yadda Baba zai ɗauki sunan ba ko da na yi masa bayani. In na yi shiru, na sake yi mata irin ta farko, wannan karon 'yarta ce za ta sha a gwangwani. Ga kuma butulci ga mutumin da ba don shi ba da ban iya karanta ko harafi ɗaya ba. Lamisi ba ta san an tambaye ni ba. Kullum tana ce mini Akawuna, mun kusa zama surukai, ni kuwa sai in yi yaƙe. Mma, yaya zan yi?

Taki,
Mai mabuɗi a wuya, Sabonjida.

AMSA

'Yata mai mabuɗi, sannu da aiki, kuma barka. Abin da kika yi a ƙarƙashin dogonyaron nan ba ƙarami ba ne. Mutum sittin kika mayar wa suturarsu da ambulan ɗaya da tafin hannu ɗaya, har kika sa dattijo ya janye maganarsa a gaban yaransa, abin da ni ban taɓa iya sa maigidana ya yi ba ko a cikin ɗaki. Na ɗan sauya wasu abubuwa a wasiƙarki kafin a buga, don Tamale ba ta da girman da kike zato.

Yanzu ga Babanki. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Bincike kafin aure ba mugunta ba ce, uba ne yake duba inda ɗansa zai sa ƙafa, kuma da ya so da ya fasa shiru ba tare da ya tambayi kowa ba. Tambayarsa daidai ce. Wurin da ya kai ta ne kuskure. Abin da ke cikin akwatin ba naki ba ne balle ki yi kyauta da shi. Ajiya aka ba ki. Kada ki faɗa masa, ko a fili ko a kaikaice.

Amma kin riga kin koya da kanki cewa shiru kaɗai ba ya isa, shi ya haifi gwangwani. Saboda haka kada ki zauna kina jiran wata. Gobe bayan an tashi aiki ki bi Lamisi har gida, ba a bayan sito ba, ki gaya mata an tambaye ki, kin ƙi, kuma za ki ci gaba da ƙi ko me ta zaɓa. Ki faɗi wannan tun farko, don kada ta ji kamar kin zo karɓar izini da ƙarfi. Maganar aure ce ta 'yarta da ciwon jikinta, bai kamata a ce kowa ya san ana yin ta ba sai ita. Matar da ta ci tuwo tana kallon bango wata uku ba ta bar aiki ba, ba raguwa ba ce. In ta yarda, hanya mafi kyau ita ce ta je wurin likitan da ya rubuta takardar tare da wanda Babanki ya amince da shi, su ji daga bakin mai sani ko abin yana da alaƙa da 'ya'ya da jikoki. Wannan ai ita ce ainihin damuwar Baba, kuma ba akawu ke amsa ta ba. Ke kada ki bi su sai in ita ta ce ki zo ki yi tafinta. In kuma ta ƙi, haƙƙinta ne, kada ki matsa mata.

Daga nan ki koma wa Baba, ki durƙusa yadda kika saba. Ki tafi da helimanku in zai yarda, don dattijo ya fi jin maganar ɗan'uwansa dattijo, shi kuma Tahidu ya san daɗin akwatin nan a jikinsa. Kada ki yi ƙarya ki ce ba komai a takardar, kada kuma ki ɓata fuska ki bar shi ya karanta a goshinki. Ki ce masa kin ƙi wa helima, kin ƙi wa manaja, ba don takardar Lamisi ta fi ta kowa nauyi ba, sai don haka kike yi da ta kowa, kuma da tasa ce a ciki da haka za ki yi. Ki nuna masa hanyar da za a bi a tambayi mai abin. Ki roƙe shi ya ƙara wata guda, goro ba ya gudu. Wannan ba butulci ba ne. Ya kai ki makaranta ne don ki zama wadda za a ba amana, to ga shi kin zama. Zai yi fushi, watakila na mako biyu. Ina zaton wata rana za ki ji shi yana ba da labarin a bakin masallaci da alfahari. Ban yi miki alkawarin aure zai ɗauru ba, wannan na Allah ne da na iyayen yara. Amma in kika buɗe akwatin sau ɗaya don dangi, gobe kowane akawu yana da nasa dangin, layi kuma zai dawo ko ba a buga ƙarfe ba.

Abu biyu game da wurin aikin. Helima yana da gaskiya a kan dubiya, kada ku bar ta ta mutu. In kin karanta wa mutum takardarsa, ki tambaye shi ko yana son a sanar ya kwanta a je gaishe shi, da abin da yake so a faɗa. Sannan ki sa manaja ya rubuta dokar nan ya sa hannu, ki buga ta a tafiretarki da yatsunki goma, don ta zauna ko bayan ke da shi kun bar wurin.

Zan gaya miki wani abu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun ina neman sunan ciwon ne, don ni ma mutum ce. Kin ba ni labarin kukanki, da takalminki da ya tsinke, da awakin gidanku. Ba ki taɓa ganina ba, ban san Lamisi ba, kin sakaya sunanta, amma duk da haka hannunki bai ɗaga daga saman takardar ba. Amsar da kike nema tana wurinki tun kafin ki liƙa kan sarki. Ki bar mabuɗin inda yake.

Allah ya ƙara wa Lamisi lafiya, ya sanyaya zuciyar Babanki, ya sa in ji an kai goro. Allah ya yi miki albarka.

Mma Sanatu